Mu Buɗe Ɗakunan Nan Tun Masu Su Na Raye

Ranar sadakar bakwai ɗin Goggo, bayan masu gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, aka miƙo mini makullin ɗakinta. Ƙanwar mahaifina ce, a bayanta na yi wayo, kuma duk cikin dangi ba wanda ya kai ni zuwa gaishe ta. Amma sai da makullin nan ya shigo hannuna na yi lissafi, na ga shekara 11 ke nan rabon da in taka cikin ɗakin. Kullum ka zo, da ta ji sallamarka za ta fito ta saki labule, ta shimfiɗa maka tabarma a gindin darbejiya, ta ce ciki akwai zafi. Mu kuma muka yarda.

Ƙofar ta buɗe rabi ta cije. Na sa kafaɗa na tura, na shiga a karkace. Ledoji ne an ninke an ɗaure da tsumma, dami-dami har rufi. Gwangwanayen madara da na tumatir an wanke su tas an zura cikin juna. Jarkoki, kwalaben magani, takalma wari-wari, katifu 3 da suka mutu an jingine su sun toshe taga, ga turamen atamfa da ba a taɓa sa musu almakashi ba, gara ta yi musu rami daga sama har ƙasa. Wata 'yar siririyar hanya ta taso daga bakin ƙofa ta tsaya a gefen gado. Gadon kuwa kaya sun cinye shi, saura wani gurbi da bai fi dardumar salla ba. A nan Goggo take kwana a takure, tsohuwa mai ciwon gwiwa, cikin duhu, ba iska. Muna aika mata kuɗin cefane duk wata. Muna kiranta a waya mu ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Ba ɗayanmu da ya san inda take sa haƙarƙarinta in dare ya yi.

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ku duba unguwarku. Akwai dattijon da shagonsa ya daina ciniki tun tuni, amma ya cika maƙil da matattun rediyoyi da tayoyi da wayoyin lantarki. Akwai malamin makaranta mai ritaya da tsoffin jaridu da takardun jarrabawar ɗalibai suka kore shi daga turakarsa, ya dawo kwana a zaure. Akwai tsohuwar da jikokinta ba sa shiga ɗakinta. Mun san su, kuma mun ba abin sunaye. Mu ce rowa ce, mu ce ƙazanta ce, mu ce halin gafiya gare ta, mu ce rikicin tsufa ne, in abin ya yi tsanani mu ce jifa aka yi mata. Daga nan sai mu ja labule mu ɓoye wa surukai da baƙi, mu zauna jiran ranar da mutuwa za ta buɗe mana ƙofar. Wannan jiran shi nake kira da mu daina.

Abin nan yana da suna a wajen likitoci, kuma ciwo ne. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a bugu na 5 na kundinta a matsayin larura mai zaman kanta, bayan an daɗe ana lissafa shi cikin alamomin ciwon waswasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a bugu na 11 na kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Mu kira shi larurar tara tarkace. Mai ita ba ya iya rabuwa da kaya, ko masu daraja ne ko shara ce, kuma in an matsa masa ya zubar da ko da leda ɗaya, hankalinsa na tashi na gaske, gabansa na faɗuwa kamar an yi masa rashi. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 100 na fama da ita. Tana somawa tun ana samartaka, shekara 11 zuwa 15, a hankali ba a lura, tana ƙaruwa da shekaru, shi ya sa sai an tsufa take bayyana ƙarara. Tana bin jini, kuma sau da yawa tana tafe da ciwon damuwa. Wani babban rashi, mutuwar miji ko ɗa ko mutuwar aure, kan zama mafarin tsanantarta. Goggo ta binne 'ya'ya biyu da miji cikin shekaru kaɗan, kuma da muka zauna muka tuna, daga nan ne ta fara shimfiɗa mana tabarma a waje.

Masana biyu a Amurka, Randy Frost da Gail Steketee, sun shafe shekaru suna shiga gidajen masu wannan larura suna sauraronsu. Abin da suka gano ya kamata ya sanyaya mana harshe. Mutanen nan suna shan wahala wajen yanke shawara a kan kowane ɗan abu. Suna ganin amfani a abin da kowa ya ga shara. Suna tsoron in abu ya tafi, tunawa da wanda ya ba su ma za ta tafi. Kuma suna jin nauyin almubazzaranci fiye da kima, kamar in sun yar da gwangwani sun ci amanarsa. Wanda yake haka tausayi yake bukata daga gare mu, mu kuwa dariya da tsawa muke ba shi.

Kada wani ya ɗauki maganata ya je ya afka wa uwarsa don ta ajiye jarkoki. Tattali halinmu ne, kuma abin yabo ne. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, wanda ya bi layin sayen madara da sabulu a shekarun tsuke bakin aljihu, ba zai yar da gwangwani da sauƙi ba, kuma yana da hujja. Jeren kwanuka da kwalla da langa a ɗakin mace dukiya ce, ajiya ce ta ranar aurar da 'ya. Bambancin a fili yake. Mai tattali ta san inda kayanta suke, tana amfani da su, in maƙwabciya ta zo aro ko roƙo tana ɗaukowa ta bayar. Mai larura kuwa ɗakin ya daina aikinsa: gado ba a kwana a kai, madafi ba a girki a ciki, taga ba ta buɗuwa, baƙo ba ya shiga. In kun ga haka, an wuce tattali.

Labarin da duniya ta fi sani a kan wannan ya faru ne a unguwar Harlem ta birnin New York. Wasu 'yan uwa biyu, Homer da Langley Collyer, 'ya'yan likita, masu ilimi da rufin asiri, suka kulle kansu a gidan gadonsu bayan rasuwar iyayensu. Homer ya makance, ƙanensa Langley yake jinyarsa, yana tara masa jaridu wai ya karanta ranar da idonsa ya buɗe. Kaya suka cika gidan har sai ta ramuka ake bi da rarrafe, Langley kuma ya ɗana tarkuna a cikin ramukan saboda tsoron ɓarayi. A Maris na 1947 'yan sanda suka fasa gidan suka tarar da gawar Homer, yunwa ta kashe shi. Aka yi ta neman Langley a gari da wajen gari. Sai bayan fiye da mako 2 aka same shi a cikin gidan, 'yan taku kaɗan daga inda yayansa ya mutu, tarkon da ya ɗana da hannunsa ya rufto masa da kaya yana kan hanyar kai wa makahon abinci. An kwashe fiye da tan 100 na kaya daga gidan, har da fiyano 14. Maƙwabta sun yi shekaru suna kallon gidan nan, yara suna jifan tagoginsa, 'yan jarida suna ba da labarinsa don nishaɗi. Kowa ya sani, kowa ya tsaya kallo.

A nan ƙasarmu haɗarin ya fi kusa da haka. Ku tuna hunturu, lokacin da tsohuwa ke shiga ɗaki da kaskon wuta ko ta kunna maganin sauro a tsakiyar ledoji da katifun soso, ga ƙofa ba ta buɗuwa sai rabi. Wa zai fito da ita? Ku tuna ɓeraye. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutum, ya fi tashi da rani, kuma Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ya fi addaba. Ɗakin da aka yi shekara 10 ba a ɗaga kayansa ba masauki ne na ɓera da kunama da kuɗin cizo. Ga tuntuɓe: tsoho ya faɗi cikin dare ƙugu ya karye, kwanciyar da da yawa ba sa tashi daga ita. Ga kwalaben magani da wa'adinsu ya wuce, jika ya ɗauka ya kai baki.

To, in mun gane ciwo ne, me za mu yi? Bari in fara da abin da ba za mu yi ba, don shi ne abin da zuciya ke fara rayawa. Kada ku jira Hajiya ta tafi Makka ko a kwantar da Baba a asibiti, ku kira 'yan gwangwan da masu baro ku kwashe ɗakin, ku yi fenti, ku zauna jiran godiya. Masu kula da wannan larura sun ga irin wannan kwasar sau ba adadi, kuma sun san ƙarshenta: cikin watanni ɗakin ya sake cika, mai ɗakin kuma ya daina yarda da ku har abada. Abin da kuka kira gyara, a wajensa fashi ne aka yi masa da hannun 'ya'yansa. Makullin da a da yake bari a jikin ƙofa zai koma ɗaure a bakin zani ko a aljihun 'yar ciki, ku kuma kun rasa hanyar shiga.

Hanyar da take aiki doguwa ce, tana cin haƙuri. Ku fara da abin da zai ceci rai, ku bar maganar kyan gani: a buɗe hanya daga gado zuwa ƙofa, a buɗe taga, a raba wuta da tarin kaya, a fitar da ruɓaɓɓen abinci da tsohon magani. Ku tambaya kafin ku taɓa. Ku bar hannunsa ya ɗauka, bakinsa ya yanke hukunci, ko da kwali ɗaya za a gama a yini. Na gwada wannan daga baya da wani kawuna, na kuma ga wani abu da ya ba ni mamaki: mutumin da ba zai iya zubarwa ba yana iya bayarwa. In na ce Kawu, a zubar da tabarmin nan, sai ya haɗe rai. In na ce Kawu, almajiran makarantar bayan gida a ƙasa suke kwana, sai ya ce ɗauki huɗu. Ku nemo wa kayan gidan zuwa: makarantar allo, gidan marayu, amaryar da iyayenta ba su da halin kayan ɗaki. Kuma ku daina kiran kayansa shara a gabansa. Ku tambaye shi labarin abin, ku saurara, don wani lokaci da an ji labarin sai hannu ya saki.

Sannan ku kai shi ga likita, ba tare da jin kunya ba. Maganin da ya fi tasiri zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, ana koya wa mutum yadda zai tantance kaya ya jure raɗaɗin rabuwa da su kaɗan-kaɗan, kuma in akwai ciwon damuwa a tare sai a yi maganinsa. In tsoho bai taɓa tara kaya ba sai ya fara kwatsam, yana ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi yana manta sunayen jikoki, wannan na iya zama ciwon mantuwa, kuma shi ma aikin likita ne. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canja suna, saura bakunanmu. Ku yi addu'a, ku yi sadaka, ku kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yanzu ga waɗanda, kamar mu, mutuwa ta riga su buɗe ƙofar. Na ga kuskure iri biyu a gidajen makoki. Wasu gaggawa suke yi: kafin arba'in samari sun shiga da baro, ƙarafa sun hau sikelin 'yan gwangwan, sauran an tara a bayan gida an cinna wuta, don a huta da abin kunya ko a sa ɗan haya. Wasu kuma kullewa suke yi su jefa makulli a aljihu, shekara 5, shekara 10, har damina ta rufto da rufin, gara ta gama da abin da ya rage, magada kuma suna zargin juna a kan abin da ba wanda ya gani.

Ku tuna, daga lokacin da rai ya fita, duk abin da ke ɗakin nan, har allura, ya tashi daga hannun mamaci. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage na magada ne. Babban wa ba shi da ikon ya ce a ƙone, babbar ya ba ta da ikon ta rabar da zannuwa da sunan sadaka, sai da yardar masu haƙƙi. In kuwa akwai marayu ƙanana a cikin magadan, ba mai ikon yin kyauta da rabonsu, ko da niyyar lada ce. Mun sha ganin an yi sadakar riguna da agogo da keken ɗinki ranar uku ana ganin an kyauta wa mamaci, alhali dukiyar maraya aka taɓa. Ku tambayi malami kafin ku ɗaga komai. Ranar buɗe ɗaki kowane ɗaki na gidan ya turo wakili, a samu dattijo ɗaya daga waje, a rubuta abin da aka gani, a ɗauki hoto da waya. In maigida ne ya rasu, ku tuna matarsa tana takaba, wata 4 da kwana 10, a gidan za ta zauna, kada a birkice mata muhalli tana cikin wannan hali. Ku kuma ware kayanta na kanta, kayan ɗakinta da abin da ta saya da guminta, kada a haɗa su cikin gado.

Kada ku jefar da komai a rufe. Wannan ita ce wahalar aikin, kuma ba makawa. Mai wannan larura ba ya ware zinariya daga tsumma, duk wuri ɗaya yake cusa su. Kowane gwangwani sai an buɗe, kowane ƙulli sai an kwance, kowane aljihu sai an lalube. Mu kwana 19 muka yi a ɗakin Goggo. A cikin wani gwangwanin madara, ƙarƙashin maɓallai da zare, muka sami takardar gonar da dangi suka yi shekaru suna nema. A ƙasan wata kwalla muka sami kwabo mai huji na zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, da damin takardun kuɗi na kafin canjin 1984, kuɗin da a lokacinsu za su sayi saniya, yau ba sa sayen ashana. A cikin wata safa muka sami 'yan kunne na zinariya da ba nata ba. Ajiya ce wata maƙwabciya ta ba ta shekaru da yawa, kunya ta hana ta tambaya a zaman makoki. Da mun bi shawarar masu cewa a cinna wuta, da Goggo ta kwanta da amanar mutane a wuyanta. Ku nemi takardun fili da na gida, na fansho da na banki, littafin adashi, da 'yar takardar da aka rubuta wa ake bi, wa ke bi.

In kuwa mamacin malami ne, ko ɗan gidan malamai, ina roƙonku da babbar murya ku yi hattara da takardu. A cikin gafaka da adaka da buhunan da kuke gani kamar tarkace akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wasiƙun kakanni, waƙoƙi, tarihin gari, da salsalar gida da ba ta da kwafi a ko'ina a duniya. Nawa aka ƙone a bayan gida saboda jikokin ba sa iya karantawa? Akwai wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ku nuna wa masani kafin ku yanke hukunci. Haka tsoffin hotuna da kaset-kaset na wa'azi da na biki, wataƙila muryar kakarku tana ciki.

Ku kuma kare kanku a wajen aikin. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa tukuna. A sa takunkumi da safar hannu da rufaffen takalmi. Kada a yi busasshiyar shara inda kashin ɓera yake, a yayyafa ruwa mai bilic a goge. Yara da masu ciki da masu asma su tsaya a waje. Tsohon magani kada ya shiga bola inda yara ke tsince-tsince, a kai wa mai kantin magani ko asibiti a tambayi yadda za a yi da shi.

Wa yake yin wannan aiki? A nan raina yake ɓaci. Kusan kullum mace ɗaya ake bar wa: 'yar fari, ko matar ɗa, ko wadda ba ta da aure don an ce ita ce ba ta da abin yi. Ita za ta shaƙi ƙurar, ita za ta ɗaga katifar, ita za ta ci karo da rigar da har yanzu ƙamshin turaren uwarta ke jiki ta durƙushe ta yi kuka ita kaɗai, sannan in wani abu ya ɓace ita za a zarga. Maza kuwa sai ranar rabon gida da gona a gan su da manyan riguna. 'Yan uwana maza, wannan bai dace da mu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka gaji aikin gayya a gona da yaɓen ɗaki, me ya hana mu yin gayya a ɗakin iyayenmu? Ku tuɓe babbar riga ku shigo. Wanda yake nesa ya turo kuɗin mota da na abincin masu aiki, ya kuma riƙe harshensa a kan abin da bai gani ba.

Kuma ku bar wa juna lokacin kuka. Ɗakin mamaci ba a share shi kamar rumfar kasuwa. Wata rana za ku yi awa 6 kuna aiki, wata rana mayafi ɗaya zai tsayar da ku. Kowa ya ɗauki ɗan abin tunawa cikin rabonsa ko da yardar sauran. Ni carbinta na roƙa da wata tasa da take dama mini fura a ciki, sun kuma ishe ni. Amma ku sa ido a kan wanda a cikinku ya kasa sakin komai, wanda yake bin bayanku yana tsince abin da aka fitar yana kaiwa ɗakinsa. Na ce muku larurar tana bin jini, kuma rashi yana tayar da ita. Kada ku gama kwashe ɗaki ɗaya ku bar wani yana cika a gefenku. Wannan ɗan uwan a zauna da shi, a riƙa leƙa shi bayan arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Limamai da masu wa'azi, kuna karantar da mu rabon gado da lissafinsa, ku ƙara mana da adabin buɗe ɗakin mamaci, ku kuma faɗa wa mutane daga kan mumbari cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini. Masu unguwanni da dagatai, kun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ku kira 'ya'yan ku yi musu magana a asirce tun kafin gobara ta kira ku. Ma'aikatan lafiya da ke bin gida-gida don rigakafi da duba-gari, idonku na ganin abin da dangi suka ɓoye, ku yi magana da taushi, kada tara da barazana su zama farkon abin da za ku fito da shi. Gidajen rediyo, ku ba likitocin ƙwaƙwalwa fili da Hausa, don tsohuwar da ke cikin ɗakin nan rediyonta na kunne a gefen kunnenta, wataƙila ta ji an ambaci halinta ba tare da zagi ba, karo na farko a rayuwarta.

Mu kuma da muka fara furfura, mu juya mu dubi namu ɗakunan. A ƙasar Suwidin suna da al'adar mutum ya rage kayansa da kansa tun yana da ƙarfi don kada ya bar wa 'ya'yansa wahala, har wata dattijuwa mai suna Margareta Magnusson ta rubuta littafi a kai a 2017. Mu ba sai mun je aro ba, malamanmu sun daɗe suna faɗa mana kyautar da mutum ya yi da hannunsa yana da lafiya ta fi wadda ake yi a bakin mutuwa. Rigunan da suka shekara 5 a akwati ba a sa ba akwai mai sallar idi da yagaggiya a layinku. Ku tara takardunku masu muhimmanci wuri ɗaya ku nuna wa mutum biyu. Ku rubuta bashin da ake binku da ajiyar mutane da ke hannunku.

Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, ku je gidan tsohon nan ko tsohuwar nan da kuka tuna tun da kuka fara karanta wannan. Ku tafi da goro ko 'yar tsaraba, ku bar tsintsiya da buhu a gida. In ta fito ta saki labule ta ɗauko tabarma za ta shimfiɗa a waje, ku ce Inna, yau a ciki nake so mu zauna. In ta ce akwai zafi, ku ce ba komai. In ta ƙi, kada ku matsa, ku zauna a tabarmar ku yi hira har la'asar, ku ce mata za ku dawo Juma'a mai zuwa, ku kuma dawo.